Titin Hadi Zuwa Fagen Kokawa

Hadi bai taɓa gina hanya ba. Jan ƙyalle ya riƙe. Shekarar da ake gyaran wani titi a bayan Kano, kamfani ya ɗauke shi ya tsaya a bakin aiki yana ɗaga wa motoci tuta, da damina ta faɗi aka sallame shi. Ya dawo Kukar Maje da hular kwano mai ruwan ɗorawa, da usur a wuya, da suna Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa. Tun daga nan ba gadar da za a ambata a majalisa bai ce da hannunsa a ciki ba. Noma kuwa ya raina shi. Gonar da ya gada matarsa Aina'u ce ke sa a nome, ita ce kuma ke kiwon awaki da rago guda a bayan ɗaki.

Duk shekara in an gama kaka, garin Tudun Kanya kan shirya babbar kokawa. Ana zuwa daga Ɗanbatta da Kunci da Dawakin Tofa, har daga Nijar. A da samarin Kukar Maje babur suke hawa su zaga ta titin mota. Da mai ya yi tsada babura suka koma zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Aka karkaɗe tsofaffin kekuna. Wanda ba shi da keke yana da ƙafa. Hanyar kuwa burtali ce, tsohuwar hanyar shanu mai bi ta tsakanin shingaye tana lanƙwasa, ga yashi har idon sawu. Mai keke rabin tafiyar shi ke hawa, rabi keken ke hawansa.

Bana abin ya fi na kullum, don Kukar Maje ta sami ɗan kokawa. Jamil sunansa, saurayi mai wuya kamar turmi, an kuma sa shi karawa da zakaran bara, wani ƙato daga wajen Ɗanbatta. Gari duka zai tafi kallo.

Ranar Juma'a ana zaune a ƙofar Dagaci ana maganar wahalar burtali, sai Hadi ya gyara hular kwano. Ya ce abin kunya ne gari mai injiniya ya riƙa bin sawun shanu. Ya ce shi zai ja titi miƙaƙƙe sambal, daga kukar bakin gari har fage, masu keke da gefensu, masu ƙafa da gefensu, yadda ake yi a ƙasashen da suka san abin da suke yi. Wanda ya fito da furarsa a hannu zai isa ba ta tsinke ba.

Dagaci tsoho ne marar yawan magana, amma yana son kallo. Ya dubi Hadi.

"In ka kai mana Jamil fage a kan keke, ta hanyarka, kafin makaɗa su kira shi, na naɗa ka Sarkin Hanya."

Jama'a suka yi dariya. Hadi bai ji dariya ba, sarauta ya ji. Ranar kasuwa ya tafi Ɗanbatta ya sayo farin rawani. Aina'u ta juya rawanin, ta tambaye shi ina titin. Ya ce yana cikin kansa. Ta ce su dai a gidansu sai an haihu ake yanka ragon suna.

Ya kira gayya. Maza suka fito da safe da garemani, don gayya ba a ƙin ta. Suka duba ba makaɗi. Hadi ya nuna musu usur, ya ce kamfani ba ya aiki da ganga. Suka duba gindin bishiya ba ƙwaryar fura. Ya ce a kamfani sai an tashi kowa ke neman abin da zai ci. Ya ɗaura igiya a jikin kuka, ya saita ta da dogon ƙarfen waya da ake hangowa a Tudun Kanya, ya ce duk kunyar da ke ƙarƙashin igiya a baje ta. Shi kuwa ya koma gefe ya ɗaga jan ƙyalle.

Malam Yahya, wani dattijo da titin zai bi ta gonarsa, ya tambaye shi wa yake tsayarwa, tunda jaki ɗaya ne a wurin, shi ma a ɗaure. Hadi ya ce ƙa'idar aiki ce. Ya busa usur a fara, ya busa a tsaya, ya busa don wani ya yi tari. Kafin azahar kowa ya tafi kama ruwa, ba wanda ya dawo.

Sai Hadi ya ɗauki garma da kansa, abin da rabonsa da shi tun yana yaro. Tafukansa suka yi bororo. Ya ce da ma babban aiki ba ya son taron jahilai.

An yi kwanaki yana baje kunya, igiya ta kai shi shingen Fadima. Fadima tsohuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata gonar rogo, ta kewaye ta da ƙaya. Ya tarar da ita a ciki tana tono.

"Inna Fadima, titi ya zo."

"Sannunsa da zuwa. Ya koma ya gaida mutanen gida."

Ya yi mata bayani cewa a Kano ko bene ne ya tare hanya, jan fenti ake shafa masa a rushe. Ta ce to ya matso ya shafa. Ta faɗi haka ne da fartanya a hannu. Ya ce ci gaba ba ya jiran rogo. Ta ce rogon ya fi shi amfani, shi ko ba komai in an tone shi a sami na ci. Hadi ya kwance igiya ya zaga shingen. Da aka tambaye shi a majalisa, ya ce wannan kwana ce, duk titin kirki yana da ita.

Gaba kaɗan ya tarar da gamba a jere, tushe bayan tushe, ta ratsa gabansa. Ya tumɓuke ta tas ya tara gefe. Wannan gamba ita ce iyakar Malam Yahya da ƙanensa Muhammadu Sani, tun ranar da aka raba musu gado aka dasa ta. Shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Da gamba ta tashi, kowannensu ya tuna cewa iyakar tana can cikin gonar ɗan'uwansa. Wan ya ce ƙane ya ci masa kunya biyu, ƙane ya ce tun zamanin babansu yake haƙuri. Matansu suka daina aron wuta. Sai da Dagaci ya bar barcin rana ya je gonar da liman. Abu ɗaya 'yan'uwan suka yarda da shi, Hadi ya mai da gamba raminta, ya riƙa ɗebo ruwa yana ba ta har ta kama. Titi ya sake yin kwana.

Bayan gamba sai rijiya. Bayan rijiya sai maƙabarta, nan ko shi bai yi gardama ba. Daga nan sai gonar da Fulani suka yi zango, don in an kwashe amfani manoma kan roƙe su su sauka da shanu, shanu su ci kara su bar taki. Ita ma ya zaga. Wani ya bi titin a ƙafa don gani da ido, ya dawo ya ce ya fi burtali nisa. Hadi ya ce da gangan ne, yawan kwana ke hana matafiyi gyangyaɗi.

Saura gwaji. Ya hau kekensa ya taka feda, taya ta nutse. Ƙasar da aka baje ta fi yashin burtali laushi. Ya sauka ya duba hagu da dama, ba wanda ya gani. Kwalta ake so, shi kuwa ba shi da ko cokali guda.

Yana turo keken zuwa gida ya bi ta masussuka, inda mata suka gama sussuka suka bar ƙaiƙayin gero da ɓawon gyaɗa tuli. Nan ya ji taya ta daina nutsewa. Ya hau ya zaga, ya sake zagawa. Keke na tafiya sumul. Ya shiga gida yana cewa Turawa ma da sun san wannan da ba su wahalar da kansu da kwalta ba. A ranar ya kwashi buhu ya shimfiɗa a farkon titi, ya kira majalisa su zo da safe su gani.

Da safe aka zo ba komai, sai ƙasa. Hadi ya ce hassada ce, an bi bayansa an share. Aina'u ta ce ya sunkuya ya dubi sawun da ke wurin, na awaki ne, ga ma abin da suka bari. Ya ce maƙiya ne suka koro awaki don su ɓad da nasu sawun.

"Malam, akuya fa ba ta san injiniya ba."

"Ke ma ba ki san shi ba."

Ya yanke shawara. Ba zai sake shimfiɗawa ba sai safiyar kokawa, yadda mahassada ba za su sami lokaci ba. Ya bi masussukan gari ya kwashe ƙaiƙayi da ɓawo, ya tara buhuna a zaure har ba hanyar shiga. Ya auna da ido ya ga ba za su kai ba. Rannan Aina'u ta tafi suna, ya hau rumbu ya sauke kowar wake, wato ɓawonsa, da ta ɓoye wa ragonta saboda rani, ya gauraya da sauran. Da ta dawo ta ga wayam, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai ragon ya san warin abincinsa, su biyu za su daidaita.

Ranar kokawa daga sallar asuba ya fita da aron amalanke. Ya shimfiɗa, ya baje, ya tattake. Ya ja layin toka a tsakiya, keke dama, ƙafa hagu. Ragowar ƙaiƙayin ya juye ta tuli guda a wata gona gefen hanya. Gaskiya ɗaya ce, titin ya yi kyau. Yana ta ƙyalli a rana, yana lanƙwasa cikin gonaki kamar an shanya sabon zane.

Bayan azahar gari ya taru a gindin kuka. Hadi na gaba, hular kwano a ka, usur a baki, rawani a naɗe cikin leda a rataye a kan keke, don kada a zo naɗi a tsaya nema. Jamil ya fito ba riga, kambu a damtse, layu a ƙugu, jiki na sheƙi. Ya zauna a kariyar keken Hadi, keken ya yi ƙara. Bayansu samari masu kekuna, gefe guda mata da yara da masu talla. Dagaci ya ce shi tsoho ne, zai lallaɓa ta burtali a kan jakinsa ya jira su a can. Malam Yahya ya ce zai raka shi.

Farkon tafiya ba laifi. Kekuna suka miƙa, masu ƙafa suka ce yau ba yashi a takalmi. Wani har ya fara kiran Hadi ranka ya daɗe. Hadi ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a.

Suna shan kwanar Fadima suka tarar da awaki. Awakin gari ne kaf, tunda da rani sakinsu ake yi, sun jeru a kan titi, ba ruwansu da layin toka. Hadi ya busa usur, suka matsa, suka dawo ta bayansa suka shiga tsakanin kekuna. Bayan awaki tumaki. Cikinsu har da ragon Aina'u, ya ɗago kai ya dubi Hadi, ya ja da baya ya tunkuyi tayar gaba, sannan ya koma kan kowarsa. Fadima na leƙe ta kan shinge, ta ce wa Hadi ashe titin nasa ya yi kasuwa.

Aka kutsa da ƙyar. Suna shan kwanar gamba sai kowa ya ja birki.

Shanu ne. Garken da ya yi zango duka ya taso, sun cika titi daga nan har inda ido ya tsaya, kai a ƙasa, ƙaho na gugar ƙaho. Makiyayin na tsaye da sanda a kafaɗa. Ya yi musu sallama, ya ce tun da yake yawo bai taɓa ganin gari mai alheri irin wannan ba, a shimfiɗa wa dabbobin baƙo abinci tun daga bakin gari. Ya ce Allah ya saka wa wanda ya yi wannan sadaka.

Hadi ya sauka. Ya zaro jan ƙyallen nan da ya tsai da tireloli, ya je gaban wani bijimi ya ɗaga. Bijimin ya shinshina, ya miƙo harshe ya naɗe ƙyallen, ya ci gaba da tauna. Hadi ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi. Wata saniya ta ɗaga wutsiya ta ba shi amsa a kan layin masu ƙafa.

A daidai nan iska ta kawo kiɗa daga Tudun Kanya. An buɗe fage.

Jamil ya ce zai sauka ya ruga da ƙafa. Hadi ya riƙe masa hannu, ya ce ai maganar a kan keke aka yi ta.

"Jamil, ka yi wa Allah ka zauna. Sarautata ce a kan kariyar nan."

"Baba Hadi, ni kuma kokawata ce a can."

Hadi ya rantse masa yanzu za su isa, ya san wata dabara ta kamfani, in hanya ta toshe ratse ake yi. Ya juya kan keke ya faɗa gonar da ba a baje ba, ya nufi ƙarfen waya, ya ratsa kunyoyi a gicciye. Duk wanda ya taɓa tsallaka gona ya san kunya ba ta son taya. Keke ya hau ya dira, ya hau ya dira. Haƙoran Jamil na haɗuwa, layu na tsalle, hular kwano ta rufe wa Hadi ido. Samari suka biyo baya, don sun ɗauka injiniya ya san inda za shi. Tayar da rago ya tunkuya ta yi haƙuri iya haƙurinta, sannan ta lanƙwashe kamar faifai.

Inda suka sauka kuwa cikin tulin ƙaiƙayin nan ne da Hadi ya juye da safe. Jamil ya shige har kai. Kekunan baya suka zo suka hau kansu ɗaya bayan ɗaya. Wata mai tallan awara da ta biyo ratse ta tsaya tana tambaya ko nan ne fagen.

Jamil ya fito. Gumi ne a jikinsa, ƙaiƙayi ya manne masa tun daga gira har ɗan yatsa. Wanda ya taɓa shiga masussukar gero da gumi ya san abin da ke biyo baya. Ya sa gudu yana susa. Hadi ya cicciɓi keke ya ɗora a ka ya bi shi, yana roƙonsa ko a bakin fage ne ya ɗan ɗosana a kariya, Dagaci ya gani.

Makaɗa na kan kiran ƙarshe Jamil ya faɗo fage. Jama'a suka ga mutum fari fat, yana karkaɗa kafaɗa yana yakushin ciki, suka ɗauka wani sabon asiri ne. Ƙaton Ɗanbatta ma sai da ya ja da baya ya taɓa layarsa. Alƙalin wasa ya haɗa su. Jamil ya kama shi kamun gaske, har ya ɗaga masa ƙafa ɗaya, mutanen Kukar Maje da suka bi burtali suka miƙe tsaye. Sai abin ya ciyo shi a tsakiyar baya, wurin da hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Ya daure. Ya sake daurewa. Ya saki hannu ya kai baya.

Ƙasa ya ji.

Magoya bayan ƙaton suka ruga suka ɗaga shi sama. Suna cikin zagayawa da shi ya fara mutsu-mutsu, don rabin ƙaiƙayin ya koma ƙirjinsa. Waɗanda suka ɗauke shi su ma suka kama. Suka sake shi ya faɗo, kowa ya shiga ta kansa. Mai lasifika ya ce tun da ake kokawa a Tudun Kanya bai taɓa ganin wanda ya kayar da wanda aka kayar suna sosa wa juna baya ba.

Ana cikin haka jama'a suka dare. Hadi ne ya shigo, keke a ka, taya a karkace. Leda ta yage, rawani ya warware yana jan ƙasa, ga awaki biye da shi saboda kowar da ta maƙale masa a riga. Ya ratsa fage har gaban Dagaci, wanda ya daɗe da isowa, har ya ɗaure jaki ya sha ruwa. Hadi ya durƙusa da keken a kansa. Ya ce ranka ya daɗe, titi dai ya yi kyau, masu amfani da shi ne suka yi yawa, kuma a kamfani wannan shi ake kira nasara.

Dagaci ya dube shi, ya dubi awakin.

"Na ce ka kawo Jamil a kan keke. Ka kawo keke a kan Hadi."

Mai lasifika ya ji, ya maimaita wa fage duka.

Hadi ya yi kwanaki bai fita majalisa ba, musamman da aka ce Jamil na tambayar inda yake salla. Titi kuwa shanu suka cinye shi tas, aka koma burtali.

Da damina ta sauka aka yi shuka, sai ga wani abu. Duk inda titin ya bi, inda garke ya wuni yana ci yana kasayarwa, geron wurin ya fi na ko'ina tsawo da duhu. Daga kan kuka ana hango shi, kore shar, yana lanƙwasa cikin gonaki da kwanarsa da komai. Malam Yahya da Muhammadu Sani suka yi sallama a ƙofar Hadi rana ɗaya, kowa na roƙon in za a sake titi baɗi a bi da shi ta tsakiyar gonarsa. A zauren suka fara sabuwar rigima.

Hadi ya ce da ma shirin ke nan tun farko, jahilai ne ba su gane ba. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Aina'u ta ɗauko masa rawaninsa, maganar sarauta ta taso.

Tana tsugune a gaban ƙwarya, ta ɗaure bakin ƙwaryar da farin ƙyalle tana tace ƙullun koko. Ba ta ɗago ba.

"Bari in gama da shi."